Jinin da Muka Ɗiba a Ƙofar Taramniya

Har yanzu idan Asabar ɗin ƙarshen wata ta kewayo, gari ya yi tsit, babu mota babu babur sai ƙarar tsintsiya, hannuna yakan kama rawa. In ina riƙe da kofi sai na ajiye. Abin bai daɗe ba, damina ɗaya ce ta bi ta kansa. Babana ya ce in bar tunawa tunda Allah Ya kiyaye. Ni kuwa na ga gara in zauna in faɗe shi daga farko har ƙarshe, ko ya bar bina ɗaki-ɗaki.

Na gama sakandare a lokacin da kuɗin mai ya fara ja da baya, soja kuma suka sake karɓar mulki. Muna yara mun ga yadda Sakkwato ta cika da sababbin gine-gine da tituna masu faɗi, kowa ka taɓa yana da ɗan'uwa ɗan kwangila. Kafin in fito makaranta duk wannan ya lafa. Ina zaune a gidanmu a Gidan Dahala, ina jiran makarantar koyon jinya ta kira ni, sai wata maƙwabciyarmu ta gaya wa babana cewa wani likita yana neman yarinya mai jin Turanci wadda za ta iya shiga gidajen kulle. Haka na sami aiki a wani ɗaki da ke bayan asibiti, inda ake binciken rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda mu a nan muke kira masassara.

Mu uku ne a ɗakin. Akwai Likita, mutum mai sanyin magana da ya yi karatu a ƙasar waje. Akwai matar da ke duba jini, Kirista ce 'yar Filato, mijinta malamin makaranta, suna zaune a Gawon Nama. Ni Anti nake ce mata. Sai ni. A kusurwa ga manyan na'urori da aka sayo zamanin kuɗi, wasu ko fitar da su daga akwati ba a yi ba, har Anti ta mai da ɗaya wurin ajiye kwanon abincinta. Abin da ke aiki tsakani da Allah shi ne madubin duba jini da wani tsohon firiji mai amfani da kananzir. Wannan firijin muke lallaɓawa kamar jinjiri, domin a cikinsa wasu ƙananan kwalabe suke, kowace da ɗan farin gari wanda bai cika cikin farce ba, da aka aiko wa Likita daga waje.

Ranar da na fara aiki ya ɗaga kwalba ɗaya ya ce, "Kin san ƙwayar cutar da sauro ke zubawa cikin jini tana da riga?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Tana da ita. Jiki kuwa ta rigar yake gane baƙo. To yanzu masana sun iya haɗa ɗan ƙyalle irin na rigar da hannunsu, suna jera shi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake shirya duwatsun wuya. Babu cuta a ciki, ƙyallen ne kawai. Feftayid ake ce masa. In wata rana aka yi wa yaro allurarsa, jikinsa ya san ƙyallen, to ranar da mai rigar ya shigo za a tare shi tun daga zaure."

Na ce, "To mu za mu yi allurar?"

Ya girgiza kai. "Da sauran tafiya. Mu namu tambaya ce kawai. Manyan da suka girma a bakin fadama, masassara ta kayar da su ta gaji ta ƙyale su, shin jininsu ya san wannan ƙyallen? In ya san shi, to an kama hanya. Ba za mu sa wa kowa komai a jiki ba. Ɗigo za mu ɗiba mu duba."

Yadda ake dubawar ya burge ni tun ranar farko. Akwai wani farantin roba mai ƙananan ramuka kamar tandar masa. Anti za ta jiƙa garin ta zuba a kowane rami, a bari ya kama, sannan a ɗiga ruwan jinin mutum ɗaya a rami ɗaya, a wanke, a ƙara wasu ruwaye. In jinin ya san ƙyallen, ramin sai ya koma rawaya. In bai sani ba, sai ya zauna fari tas. Nakan tsaya a bayanta ina kallon launin yana fitowa a hankali, ita kuma ta ce, "Matsa mini, yarinya, numfashinki zai hura mini aiki."

Aikina shi ne shiga gida. Likita ya tsaya a zaure da maigida, ni da Anti mu wuce wurin mata. In yi gaisuwa, in yi bayani, Anti ta goge yatsa da auduga, ta caka, ta ɗibi ɗigo, in ba yaro alewa. A kowane gida abu biyu nake nanatawa: wannan ba magani ba ne, dubawa ce, kuma duk yaron da jikinsa ya yi zafi a kawo shi wurinmu, Likita ya ajiye magani musamman don gidajen da muka shiga. Na iya wannan bayanin kamar karatun allo, kuma ina jin daɗin yadda mata ke saurarona. Ban taɓa jin ina da amfani a duniya kamar a watannin nan ba.

Cikin gidajen da muka shiga a Ƙofar Taramniya har da gidan da yayata take aure. Mijinta manomin shinkafa ne, gonarsu tana fadama, asalinsu mutanen ƙauye ne da suka shigo birni. Mai faɗa a ji a gidan ita ce uwarsa, tsohuwa doguwa mai barkwanci, duk muna ce mata Inna. Yayata tana da ɗiya guda, 'yar fari, wadda a lokacin ba a daɗe da yaye ta ba. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a wurinmu. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban surukai. Tun da aka yaye yarinyar ta koma ɗakin Inna, can take ci can take kwana. In yayata za ta ambace ta sai ta ce "yarinyar Inna". Inna kuwa "ƙawata" take ce mata.

Ranar da muka je, Inna ce ta fara miƙo yatsa. Ta dubi Anti, tana tsokanarta da duwatsun Filato, ta ce, "'Yar dutse, ki yi a hankali hwa, jinin ga na sarauta na."

Anti ta ce, "Mama, duk jini ja ne a wurina. Kawo hannu."

"Ji ta! Hausa ba ta ishe ki ba, sai baki."

Da aka zo kan yarinyar ta callara ƙara, Inna ta rungume ta tana cewa, "Yi haƙuri ƙawata, an gama, an gama." Sannan ta ɗaga rigarta ta nuna mana wasu tsofaffin tabo a gefen cikinta na hagu, layi-layi. Ta ce tana ƙarama a ƙauye, duk yaron da masassara ta dame shi har saifarsa ta kumbura, wanzami ake kira ya yi masa tsaga a wurin, ya kafa ƙaho ya zuƙe mugun jini. Ta ce, "Mu da aska anka yi muna. Ku ko ɗan tsinke, ƙyas, an gama. Zamani ya yi daɗi."

Na ce, "Inna, ba irin wancan ba ne. Mu dubawa kawai za mu yi. In jikinta ya yi zafi ku kawo ta."

Ta ce, "Na jiya, malama, na jiya." Muka yi dariya muka fita. Ta ji ɗin kuwa. Amma ita duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa ganin an fitar wa mutum jini don a kalla ba. Wanda ya fitar maka da jini, cuta ya fitar maka. Ba ita kaɗai ba, ashe rabin tsofaffin unguwar haka suka ɗauka, suna ta sa mana albarka a kan abin da ba mu yi ba.

Bayan wasu makonni, damina ta ja, shinkafa ta fara nuna, mijin yayata ya tare a fadama yana korar tsuntsaye. Sai ga Asabar ɗin tsaftar gari. A wannan zamani na soja, ranar nan ba mai fita da safe, ba mota ba kasuwa, kowa ya share ƙofar gidansa ya kwashe kwata, wanda aka kama yana yawo kuwa ya sha tsallen kwaɗo ko bulala. Tunda babu namiji a gidan yayata, babana ya ce in je tun da sassafe kafin a rufe hanya in taya su shara.

Na tarar da yayata a bakin murhu. Mun gaisa, amma ba ta dube ni ba. Tana tura itace cikin wuta ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ki leƙa ɗakin Inna."

"Lafiya?"

"Ki dai leƙa."

Na shiga. Yarinyar tana kwance a cinyar Inna, leɓɓanta sun bushe, idanunta a rufe rabi. Na taɓa goshinta na janye hannu, kamar na taɓa murfin tukunya.

Na ce, "Inna, tun yaushe?"

"Kwana biyu-uku na. Haƙori na ka hito mata, na turmi. Na ba ta jiƙo."

"Inna, wannan masassara ce. Me ya sa ba ku aiko ba?"

Ta dube ni da mamaki na gaskiya, ba na gardama ba. Ta ce, "Wace masassara kuma? Ba ku kunka ɗebe mata jinin masassara ba, ke da 'yar dutse? Da idona nig gani. Abin da anka hitar ƙaƙa za shi komo?"

A nan na gane. Na buɗe baki in yi bayanin nan nawa da na haddace, sai yarinyar ta sandare. Bayanta ya lanƙwashe, idanunta suka juye sai fari, hannuwanta suka dunƙule suna fizga, kumfa ta fito a gefen bakinta. Na taɓa karanta wannan a littafi, na taɓa jin Likita yana cewa in masassara ta hau kan yaro sa'o'i ne kawai tsakaninsa da mutuwa. Amma ban taɓa gani ba.

Inna ta fara salati tana tofa mata addu'a, ta ɗaga murya ta ce a kawo garwashi da turare, wannan ba ciwon asibiti ba ne, iska ce ta bi ta kanta. Na ce, "Inna, ba ni ita." Ta ce in bari a yi hayaƙi tukuna. Ban san lokacin da na sunkuya na zare yarinyar daga cinyarta ba. Ni da ko ido ban taɓa haɗawa da ita da gangan ba. Ta riƙe ƙafar yarinyar ta ce, "Ke ɗiyag ga, kin haukace? Ina za ki da ita, gari rufe, uban ɗiya ba shi nan?"

Sai ga yayata a bakin ƙofa. Ba ta kawo garwashin ba. Ta kwance zanen da ta yafa, ta juya ni kamar ƙaramar yarinya, ta ɗora mini ɗiyar a baya ta ɗaure tamau. A gaban surukarta ta ce, "Ɗiyata ta. Tahi da ita." Tun da ta haife ta ban taɓa jin ta ce haka ba. Inna ta saki ƙafar.

Na fito da gudu, babu mayafi, takalmi ɗaya ya tsinke na bar shi a lungu. Mutane suna shara a ƙofar gidajensu, suna ɗagowa suna kallona. Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi, koma, akwai soja gaba!" Na fita babban titi, wanda kullum sai ka yi dabara kafin ka tsallaka, na tarar da shi fayau, ko keke babu. Ina jin zafin jikinta yana ratsa rigata, kanta yana bugun kafaɗata. Can ta daina fizga ta yi lakwas, wannan kuma ya fi ba ni tsoro. Ina gudu ina kiran sunayen Allah, ina cewa a raina in dai ina jin zafin nan to tana nan.

A shataletale na gan su. Sun sa wasu samari tsallen kwaɗo a gefen titi. Ɗaya daga cikin sojojin, baƙi gajere mai tsaga a kumatu, ya tako tsakiyar hanya da bulala a hannu.

"Kai! Kai yarinya! Ina ka tafi? Ina tsintsiya naka?"

Na tsaya. Duk Turancin da nake taƙama da shi, da Hausar ma, babu wanda ya zo. Na juya masa baya kawai don ya ga abin da na goyo. Na runtse ido ina jiran saukar bulala.

Sai na ji hannunsa a kan zanen, yana ɗaga kan yarinyar. Ya yi wata magana da yarensu. Ya ce, "Zazzaɓi ne?" Na ɗaga kai. Ya ce, "Yaro nawa ma haka ya yi a barikin." Bai faɗi yadda nasa ya ƙare ba, ni ma ban tambaya ba.

A ranar tsafta mota iri ɗaya ce ke da izinin tafiya, tifar kwasar shara. Akwai ɗaya a tsaye can gaba ana loda mata. Sojan ya hura usur, ya daka wa direban tsawa ya juyo. Direban ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu cika ba." Sojan ya ce, "Ka cika yanzu. Asibiti!" Ya ɗaga ni da yarinyar ya tura gaban motar kamar buhu. Haka muka ratsa Sakkwato, shara tana zuba a bayanmu a kan titin da aka gama sharewa, direban yana ta danna ham ko da yake babu kowa a hanya, yana cewa, "Riƙe ta da kyau, ƙanwata, in sha Allahu ba komi."

Allah Ya sa Anti tana ɗakinmu. Takan shigo da sassafe ranar tsafta don ta duba kananzir ɗin firiji kafin a rufe hanya. Ta ga tifa ta tsaya a ƙofar asibiti, ta ga na diro ƙafa ɗaya babu takalmi. Ta kwance yarinyar, ta ruga da ita ɗakin yara, ta caki yatsa ta koma kan madubi. Da ta ɗago ta ce, "Ƙwayoyin cutar sun cika jinin." Ta aika aka kira Likita daga gidansa da ke cikin harabar asibitin. Aka yi wa yarinyar allurar tsayar da fizga, aka ɗaura mata ruwa da maganin a ciki. Neman jijiya a hannun nan ɗan ƙarami ya ɗauki lokacin da na ji kamar shekara.

Sai da komai ya kammala na zauna a ƙasa a baranda. Anti ta zo ta zauna kusa da ni, ta cire ɗankwalinta ta rufa mini a kai. Ta ce, "Yi kukanki. Ni zan yi nawa addu'a, ke ki yi naki, duk wanda ya riga isa."

Da aka buɗe hanya Inna ta iso, da ƙafa, riƙe da takalmina da ya tsinke. Na rasa ta inda zan fara ba ta haƙuri. Ta zauna a bakin gadon ta kama ƙafar yarinyar, ƙafar nan da ta saki da safe, ba ta ƙara saki ba sai in za ta yi salla. Yarinyar ta kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce ko ta tashi, wasu yaran sukan tashi da raunin ji ko na ƙafa. Ran da ta buɗe ido, da hantsi ne, ta dubi Inna ta ce ruwa. Inna ta ce, "Ƙawata, kin ba ni kunya, kin sa tsohuwa gudu cikin gari." Sai ta fashe da kuka.

Na gaya wa Likita abin da Inna ta ce game da jinin. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce a dakatar da shiga gidaje. Ya ce in haka tsofaffi suka ɗauka, to kowane yatsa da muka caka mun bar yaro a baya wanda ba za a kawo shi ba in ya kwanta. Anti ce ta ce, "Baki ya yi iyakarsa. A kawo Mama ta ga faranti."

Kafin a sallami yarinyar muka shigo da Inna ɗakinmu. Ta tsaya tana kallon na'urorin da ke cikin akwati ta ce, "Wanga kaya na amarya wa?" Anti ta fito da ragowar jinin da muka ɗiba a gidansu tun ranar farko, ta nuna mata: ga naki, ga na ƙawarki, ba mu zubar ba, ba mu kai ko'ina ba. Ta yi aikin a gabanta. Ya ɗauki wuni, Inna ta je ta yi azahar ta dawo. Muka sunkuya mu uku a kan farantin. Ramin Inna ya fara juyawa, ya yi rawaya kamar an jiƙa rawaya a ruwa. Na yarinyar, a gefensa, ya zauna fari.

Na ce, "Inna, kin gani? Naki jinin ya san cutar, saboda kin sha fama da ita tun kina yarinya. Nata bai san ta ba. Ranar nan ba mu cire mata komai ba, ba mu sa mata komai ba. Yadda muka same ta haka muka bar ta."

Ta daɗe tana kallo. Ta shafa gefen cikinta inda tabon yake. Ta ce, "To tsagag ga hwa?"

Likita, da ya shigo ya tsaya a bayanmu, ya ce, "Inna, Allah ne Ya raya ki, jikinki kuma ya koya da wahala. Yara nawa aka yi wa tsaga tare da ke?"

Ta ce, "Da yawa." Ta sauke hannunta daga kan tabon. "Ba duka sunka girma ba."

Can sai ta miƙa hannu ta naɗe hannun riga. Ta ce, "To ku ɗebi nawa ku zuba mata. Ni mi zan yi da shi, na kusa kabari."

Likita ya yi murmushi, ya ce ba a yin haka, amma kusan abin da ake nema ke nan. Ya buɗe firiji ya nuna mata kwalbar. Ya ce ana so ne wannan garin ya koya wa jinin yaro abin da nata ya koya, ba tare da yaron ya kai bakin kabari ba. Inna ta ce, "To mi kuke jira?" Ya ce ba a tabbatar ba tukuna, sai an gwada an sake gwadawa, watakila ma ba wannan ƙyallen ne zai yi ba, sai wani. Ta ce, "Ku dai yi da jiki. Sauro ba ya jiran kowa."

Da muka koma shiga gidaje, da Inna muka koma. Ba wanda ya roƙe ta. Takan riga mu shiga, ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Ku saurara, wagga ba tsaga ba ta. Ba su hitar da komi, kallo sukai. Ɗiyanku na nan yadda suke. Wanda jikinai ya yi zahi, ku kai shi ran nan, kada ku yi irin tawa." Sannan ta ba da labarin tifar shara, kullum tana ƙara masa gishiri, har ta kai sojan ya zama su goma, ni kuma na tsallake kwata da tsalle ɗaya. Mata suna dariya, ni ina murmushin dole. Daga ranar kuma muka bar ba da alewa kawai mu fita. Duk gidan da muka ɗibi jini, sai mun koma mun gaya musu abin da muka gani.

Ina nan a ɗakin har yanzu, makarantar jinyar ta kira ni amma na nemi a ɗaga mini zuwa baɗi. Anti ta fara barina in ɗiga ruwan da kaina, in dai ba ranar Asabar ba ce. Likita ya ce labarin da ke zuwa daga waje gauraye ne, an gwada irin garin nan a jikin wasu manya, wasu ya ɗan tare musu, wasu bai yi ba. Ni dai na ga rami ya juya rawaya da idona, na san jiki yana koyo. Abin da jiki ke iya koya, za a samu hanyar koya masa. Ko ba a wannan firijin ba.

Yarinyar ta tashi da jinta da ƙafarta. Abu ɗaya ya rage mata: in ta hango ni sai ta ɓoye hannuwanta a baya ta ce, "Ba ni so." Yayata ta koma yadda take, ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, kamar ba ita ce ta yi maganar nan ba. Ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Da ruwan bana ya sauka, wata safiya ina wanke faranti sai ga mijin yayata a ƙofar ɗakinmu, yarinyar a kafaɗarsa tana cin ƙosai, Inna a bayansa tana haki. Na taɓa goshinta, ɗumi ne kaɗan. Na ce, "Tun yaushe?"

Inna ta ce, "Tun ɗazu. Ni ban ko lura ba. Yayarki ta taho ta tsaya bakin ƙohwata, ta ce wai yarinyar Inna jikinta da ɗumi. Ta ƙi tahiya sai da nis sa mayahi."

Anti ta ɗauko auduga. Yarinyar ta ɓoye hannu a baya.